Yadda ake gwada sabon tsarin aikin gwamnati a fili kafin a baza shi ko'ina

Akwai wata kabad ta ƙarfe da na taɓa buɗewa a wani ofishin rajistar haihuwa a nan Damagaram. Cike take da takardun haihuwa da aka rubuta, aka sa hannu, aka buga hatimi, aka ɗaure su dami-dami da roba, robar har ta narke ta manne da takardar saboda zafi. Babu wanda ya zo karɓa. Yaran da sunayensu ke ciki wasu sun fara tafiya, wasu sun isa shiga lakwal. Sai ranar da za a yi jarrabawa uba zai zo a gigice yana neman takarda, alhali tana kwance cikin kabad shekara da shekaru.

Duk wanda ka tambaya yana da maganin wannan matsala. Wani ya ce a sayo kwamfuta, wani ya ce a yi shela a rediyo, wani ya ce a ci tarar iyaye. Mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu yana da gaskiya. To wanne? Zama a ɗakin taro ba zai faɗa mana ba. Manomi in an ba shi sabon irin gero ba ya shuke gonarsa duka da shi, yakan ware ƴan kunyoyi a gefe, ya ga yadda zai yi da ƙasarsa da ruwan bana. Wannan dabarar ce nake so ma'aikatan gwamnati da ɗalibai masu bincike su ɗauka: a gwada sabon tsari a ofishin gaske, da ma'aikatan gaske, da jama'ar da ke bin layi. Turawa suna kiran wannan da sunan da ke nufin "ɗakin gwaji mai rai", har sun kafa masa ƙungiya a Turai a 2006. Mu ma ba baƙonmu ba ne. A 2009 da 2010 an yi irinsa a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Dosso da Damagaram, inda Jenny Aker da abokan bincikenta tare da ƙungiyar agaji ta CRS suka raba azuzuwan yaƙi da jahilci ta hanyar ƙuri'a: wasu karatu kawai, wasu karatu haɗe da koyon sarrafa wayar salula. Waɗanda suka koyi wayar sun fi cin gwajin rubutu da lissafi.

Zan bi matakan da misalin takardar haihuwa, amma haka za a yi wa kwasar shara, ko karɓar harajin kasuwa, ko rabon ruwa a famfunan unguwa.

Mataki na farko: ka zauna a benci

Kafin ka rubuta ko da layi ɗaya na sabon tsari, ka je ka zauna inda jama'a ke zama. Sati biyu aƙalla, da kaye da bik, ba tare da ka ba kowa shawara ba. Ka rubuta ƙarfe nawa aka buɗe ƙofa, ƙarfe nawa mai sa hannu ya iso, mutum nawa aka ce wa su dawo gobe da dalilin da aka ba su. Ka bi takarda guda da ƙafarka daga ɗakin haihuwa har zuwa ma'aikatar magajin gari, ka ga hannu nawa take bi, wa ke ɗaukarta, da babur ɗin wa, da man wa.

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowane amfani. Masu binciken cibiyar LASDEL da ke Yamai, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan ke cikin waɗanda suka kafa ta a 2001, sun daɗe suna nuna cewa kowane ofishi yana da ƙa'ida iri biyu, wadda ke rubuce da wadda ake aiki da ita kullum. In ba ka san ta biyun ba, sabon tsarinka zai gyara abin da ba ya nan.

A benci na gane abin da ba ya cikin kowane rahoto da na karanta. Wata ungozoma da ta daɗe a aiki ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ma ka sani jinjiri ba ya da suna sai ranar bakwai. Ita kuwa mai jego kwana ɗaya take yi a nan ta tafi. Sunan wa zan rubuta?" Daga nan sai wankan jego, sau da yawa a gidan iyayenta, wata unguwa ko wani gari. Uban yana ganin aikin mata ne, uwar tana ganin harkar ofis ta maza ce. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, in sun wuce sai an bi ta kotu. Kwana arba'in na jego sun riga sun cinye mafi yawansu.

Mataki na biyu: ka matse tambayar

"Inganta rajistar haihuwa" buri ne, ba a iya gwada shi. Tambayar da ake gwadawa ita ce irin wannan: idan aka kai takardar wurin allurar rigakafi maimakon a jira iyaye a ofis, shin yaran da ke samun takardarsu kafin su cika wata 4 za su ƙaru? Dalilin zaɓen wurin allura a bayyane yake. Uwa tana komawa asibiti da jinjiri a sati na 6, da na 10, da na 14. Sati 6 kwana 42 ke nan, an yi suna, an gama arba'in, wa'adin kwana 60 bai cika ba. A ranar farko a cike sunan, a zuwa na biyu ko na uku a miƙa mata takarda.

Abu ɗaya za ka canza. In ka haɗa kai takarda asibiti da saƙon waya da shelar rediyo a lokaci guda, ko an samu ci gaba ba za ka san wanda ya jawo shi ba, kuma gwamnati za ta biya kuɗin ukun alhali wataƙila ɗaya ne ke aiki.

Mataki na uku: izini, da zama da masu abin

Izinin hukuma ka samo shi a rubuce, da hatimi. Shugabanni suna canzawa. Tun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, kuma ko a wane zamani ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki. Alkawarin baki yakan tafi da mai shi. Don misalinmu kana bukatar amincewar ma'aikatar magajin gari da ta hukumar lafiya ta gunduma, kuma tunda aikin ya shafi asibiti da sunayen mutane, ka nemi yardar kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya, ka kuma bi ƙa'idar hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a. In kana da alaƙa da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, takardarta tana buɗe ƙofofi, kuma ɗalibanta na iya riƙe maka ƙidaya.

Amma takarda ba ta isa ba a garin da ke da sarauta irin ta Damagaram. Ka je gaisuwa wurin mai unguwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da muke so mu gwada, ga tsawon lokacinsa, ga abin da ba mu yi alkawari ba." Wannan na ƙarshen ka nanata shi. Da zarar mutane sun ga baƙo da kaye sai su zaci rabon tallafi ne ake rubuta sunaye, in ba ka kashe wannan zaton tun farko ba, zai dawo maka da fushi.

Sannan ka haɗa ƙaramin zama na mutum takwas zuwa goma waɗanda abin ke hannunsu: ungozoma, mai yin allura, mai rubuta rajista, wanda ke kai takardu a babur, iyaye mata biyu ko uku, uba ɗaya, wakilin mai unguwa. Kada ka zaunar da ƙananan ma'aikata tare da shugabansu a zaman farko, babu wanda zai ce uffan sai "haka ne". Matan ma ka fara jinsu su kaɗai, mace ta jagoranci zaman. Ka kawo tsarinka a matsayin ɗanyen abu, ka bar su su sassaƙa shi. Su ne za su ce maka mai allura ba ta da hannun riƙe wani kaye ranar da mata saba'in ke jiranta, don haka sai mai rajista ya zo da teburinsa ya zauna a inuwa kusa da layi. Su ne za su ce maka a riƙa karanta wa uwa sunan da aka rubuta da ƙarfi kafin ta tafi, don kuskuren harafi ɗaya a suna yakan zama wahalar shekaru.

Mataki na huɗu: ƙidayar tushe da sharaɗin faɗuwa

Ka koma cikin rajistar watanni 6 ko 12 da suka wuce a kowace cibiyar lafiya da za ta shiga gwajin. Haihuwa nawa, nawa aka bayyana, takarda nawa aka rubuta, nawa suka isa hannun iyaye, cikin kwana nawa. Abin da za ka auna shi ne takardar da ke hannun uwa. Wadda aka rubuta aka ajiye ba ta cikin lissafi, kabad ɗin nan ta koya mini haka.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Kafin a fara, ku rubuta a takarda ɗaya abin da in ya faru za ku ce gwajin ya faɗi, kowa ya sa hannu. A ce misali: in bayan wata 6 bambancin bai kai kashi 15 cikin ɗari ba, ko in jiran allura ya ƙaru da fiye da rabin awa, ko in kuɗin kowace takarda ya wuce abin da kasafin ma'aikatar zai iya ɗauka, to mun daina. Ku kuke zaɓar adadin, ba wani ba, amma ku zaɓa tun ba ku ga sakamako ba. Na sha ganin gwaje-gwajen da tun ranar buɗe su an riga an san za a ce sun yi nasara, domin mai ba da kuɗi yana jiran labari mai daɗi, shugaba kuma ya riga ya yanke ƙyalle a gaban kyamara. Irin wannan biki ne kawai, kuma talaka ne ke biyan kuɗinsa daga baya lokacin da aka baza tsarin da ba ya aiki.

Mataki na biyar: ƙuri'a

Kana bukatar wuraren da za a yi sabon tsari da wuraren da za a ci gaba da tsohon, don ka kwatanta. Birnin Damagaram yana da gundumomi 5, kuma unguwanninsa ba ɗaya ba ne: Birni daban, Zango daban, Garin Malam daban, Kara-Kara daban, balle ƙauyukan gefen gari. Ka haɗa cibiyoyin biyu-biyu, masu kama da juna a yawan haihuwa da nisa daga ofis, sannan a cikin kowane biyu a zaro ɗaya da ƙuri'a. A rubuta sunaye a ƴan takardu, a zuba a hula, yaro ya zaro a gaban kowa.

Dalilin ƙuri'a shi ne in ka bar shugaba ya zaɓa, zai ba ka cibiyar da ta fi kowace tsari da ma'aikata masu himma, sai sakamako ya yi kyau don wurin da ma mai kyau ne. Wannan hanyar ce ta sa aka ba Esther Duflo da Abhijit Banerjee da Michael Kremer kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba a gaya musu gaskiya: in abin ya yi aiki su ne na gaba, kuma babu abin da aka rage musu cikin haƙƙinsu na yanzu.

Sai dai a san iyakar abin. Cibiyoyi 6 ko 8 ba su kai ƙauyuka 100 na gwajin wayar salula ba. Da ɗan wannan adadi, tafiyar ungozoma ɗaya hutun haihuwa ko lalacewar babur ɗaya na iya karkatar da lissafi. Don haka ƙidaya kaɗai ba za ta wadatar ba, dole a haɗa ta da ido da kunne.

Mataki na shida: a gudanar da shi yadda gwamnati za ta iya ci gaba da shi

Nan ne na taɓa ganin aiki mai kyau ya mutu. A wani gwaji da na shiga, an riƙa ba ma'aikata kuɗin zama na kowace rana da kuɗin mai daga aljihun mai tallafi. Wata shida komai na tafiya kamar agogo. Ranar da kuɗin suka ƙare, wani ma'aikaci ya ce mini, "Malam, ai aikin naku ya ƙare, ko?" Bai yi ƙarya ba. A wurinsa aikinmu ne, bai taɓa zama nasa ba. Abin da muka auna a watannin nan ƙarfin kuɗin zama ne, tsarin kansa ba mu san ko yana aiki ba.

Don haka duk abin da ma'aikatar ba za ta iya biya da kanta ba bayan kun tafi, kada ku saka shi cikin gwajin. In ana bukatar litar mai biyu a sati, ta fito daga kasafin ma'aikata tun yanzu, ko da kuwa fitar da ita zai ɗauki sati uku, domin wannan jinkirin ma yana cikin abin da ake bincike. Ƙasarmu ta ga darasin wannan a babban mataki. A 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a faɗin Nijar, niyya mai kyau ƙwarai, kuma iyaye sun ƙara kai yara asibiti. Amma tsarin ya dogara da cewa asibiti zai yi magani ya aika takardar kuɗi a biya shi, biyan kuma ya riƙa yin jinkiri mai tsawo har magunguna suka riƙa yankewa. Hanyar biyan kuɗin ita ce ta fi bukatar a gwada ta a ƴan gundumomi tukuna.

Tsawon lokacin gwajin ya ratsa ranakun wahala. Watan Afrilu da zafinsa da ɗaukewar wuta da ƙarancin ruwan da kowane Badamagare ya sani, watan azumi da ake tashi aiki da wuri, Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci mutane kuma suna gona, ranar Alhamis da kasuwa ke ci. Tsarin da aka gwada a sanyin Disamba kaɗai ba a san shi ba tukuna.

Ka kuma rage yawan zuwanka. Tun shekarun 1920 a wata masana'anta mai suna Hawthorne kusa da Chicago a Amurka aka lura cewa mutane sukan canza yadda suke aiki in sun san ana kallonsu. Bayan watan farko ka riƙa zuwa ba sanarwa, wani lokaci ka tura ɗalibin da ba a sani ba. A ajiye kaye guda a kowace cibiya inda ake rubuta duk abin da ya faru ba bisa tsari ba: rajista ta ƙare, mai hatimi ya yi tafiya, an yi rasuwa a unguwa. Duk sati biyu a zauna minti talatin a duba shi. Ƙananan gyare-gyare a watan farko ba laifi, amma a rubuta ranar da aka yi kowanne, bayan nan a daina taɓa tsarin har ƙarshe. A lura kuma da matan da za su baro cibiyarsu su zo inda ake ba da takarda, don labari ba ya kwana a garin nan. A rubuta unguwar kowace uwa, in ba haka ba lissafin ɓangarorin biyu zai cakuɗe.

Sunayen mutane su zauna a rajistar hukuma. A kayen bincike lamba ta isa, kuma kada a ɗauki hoton takardar kowa a tura ta WhatsApp.

Mataki na bakwai: karanta sakamako, da neman waɗanda ba su zo ba

Ka kwatanta canjin da aka samu a wuraren gwaji da canjin da aka samu a sauran wuraren cikin lokaci ɗaya. In duka biyun sun ƙaru daidai, wani abu ne daban ya jawo, wataƙila shela ko zuwan alƙalai yin takardu a unguwa. Ka raba kuɗin da aka kashe da yawan ƙarin takardun da suka isa hannu, ka san jika nawa kowace ta ci.

Sannan ka nemi waɗanda tsarin bai kai gare su ba, gida-gida, ko da ashirin ne. Wadda ta haihu a gida, wadda ta koma ƙauye wajen Mirriya ko Matamaye wanka, wadda ba ta da aure tana jin nauyin a tambaye ta sunan uba a gaban layi. Wannan ta ƙarshen takan nuna cewa teburin mai rajista yana bukatar labule ko ɗan nisa daga jama'a, abin da babu ƙidayar da za ta faɗa maka.

Mataki na takwas: a mayar da labari, a yanke hukunci

Waɗanda za su fara jin sakamako su ne mutanen zaman nan na farko, da Hausa, a inda aka fara. Bayan su mai unguwa, sannan hukuma, da takarda mai shafi biyu: abin da aka gwada, abin da aka samu, kuɗinsa, da shawara ɗaya cikin uku, a daina, a gyara a sake gwadawa, ko a faɗaɗa. In ya faɗi a rubuta ya faɗi, a ajiye kwafi a ma'aikata da jami'a don kada wani ya zo bayan shekara uku ya sake kashe kuɗi a kan abu ɗaya.

In kuwa ya yi nasara, faɗaɗawar ma a yi ta daki-daki. A fara da cibiyoyin da aka yi wa alkawari, sannan a gwada a wuri mai wata irin rayuwa. Abin da ya yi aiki a Zango, inda ofis ke nisan kabu-kabu, sai an sake auna shi a Tanut ko Taskar, inda makiyayi zai iya yin tafiyar yini kafin ya ga asibiti, kuma uwar da ta zo allurar sati na 6 mai yiwuwa tana wata rijiya daban a sati na 10. Can sai a koma benci da sabon kaye.